Masu Sharar Fage: Tarihin Rangadin Mujallar NME

A wannan makon za mu ɗan fita daga gida mu leƙa Birtaniya, mu ga wani abu da wata mujallar kaɗe-kaɗe ta shafe sama da shekara ashirin tana yi. Mun san a cikinmu akwai waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa sauraron irin wannan kiɗa ba, kuma ba tallarsa muka zo yi ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne masu alƙalamin da ke bayan abin: mutanen da za su rubuta cewa wane zai yi fice, sannan su ɗauko wanen su tsayar da shi gaban jama'ar da suka biya kuɗin shiga, kowa ya gani da idonsa ko sun yi gaskiya.

Sunan mujallar New Musical Express, amma kowa NME yake ce mata. An kafa ta a Landan a 1952, kuma a watan Nuwamba na shekarar ita ce ta fara buga jerin faya-fayan da suka fi ciniki a ƙasar, mako-mako. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 tana sayar da kwafi kusan 300,000 duk mako. Tun a lokacin tana shirya wasa a Wembley sau ɗaya a shekara, inda mawaƙan da masu karatu suka zaɓa ke hawa dandamali. A irin wannan taron ne, ranar 1 ga Mayu 1966, ƙungiyar Beatles ta yi wasanta na ƙarshe a gaban masu tikiti a Birtaniya. Sai dai wannan ba caca ba ce. Waɗanda suka riga suka yi suna ake gayyata, mujallar tana bin bayan jama'a ne kawai.

Abin ya sauya da zuwan kiɗan da suke kira indi. Kalmar ta samo asali ne daga ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu, irin su Rough Trade da Factory da Creation, waɗanda suka bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980. Yawanci samari ne huɗu ko biyar, da jita da ganga, su rubuta waƙarsu da kansu, su buga faifai kaɗan, su bi shaguna da shi. Duk wanda ya san yadda marubutanmu suka riƙa buga littafi da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa a Kano zai gane yanayin. Manyan gidajen rediyo ba su cika kula su da rana ba, don haka wanda ke son sanin sabon abu sai ya jira NME ta fito. A 1986 ta haɗa waƙoƙin ƙungiyoyi 22 a kaset ɗaya mai suna C86, ana aika kuɗi ta gidan waya a karɓa, har sunan kaset ɗin ya koma sunan wani salo na kiɗa.

A 1994 mujallar ta farfaɗo da bikin ba da kyaututtukanta, ta raɗa masa suna Brat, wato fitsararren yaro, don ta yi wa babban bikin masana'antar mai suna Brit shaguɓe. Kofin da ake bayarwa ma hannu ne da ya ɗaga yatsan tsakiya, wanda a wurinsu daidai yake da daƙuwa a wurinmu. Shekara guda bayan haka, a 1995, aka fara rangadin. Tsarinsa bai da wuya: a zaɓi ƙungiyoyi huɗu, a zagaya da su biranen ƙasar a watan Janairu ko Fabrairu, cikin tsananin sanyi, kafin ranar bikin. Glasgow, Newcastle, Manchester da sauransu, a ƙarƙare a Landan. Tikiti ɗaya, wasa huɗu. A zagayen farko akwai Veruca Salt da Marion da 60 Ft. Dolls da Skunk Anansie. (Wannan ta ƙarshen, rabin sunanta daga Anansi ne, gizo-gizon tatsuniyoyin mutanen Akan na Ghana, wato dai ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi.)

A irin wannan wasa, jeri shi ne martaba. Wanda ya fi suna shi ke rufe taro. Wanda ba a sani ba shi ke sharar fage, ya hau tun mutane na shigowa, wasu na rataye rigunan sanyi, wasu na layin sayen abin sha, rabin zauren fayau. To a wannan gurbi na masu sharar fage ne rangadin ya samu sunan da ake tuna shi da shi.

Mu ɗauki shekarar 2000. Wadda ta rufe taro ita ce Shack, 'yan Liverpool, waɗanda NME ta sa jagoransu Michael Head a bangonta 'yan watanni kafin nan, tana cewa babu marubucin waƙa kamarsa a ƙasar. A can ƙasan jeri kuwa wasu samari huɗu ne da suka haɗu a jami'a a Landan, ko kundin waƙoƙi ɗaya ba su fitar ba, sunansu Coldplay. A watan Yuli na shekarar suka fitar da Parachutes, ya hau na ɗaya. Zuwa 2002 suna cikin masu rufe bikin Glastonbury, mafi girma a ƙasar. Shack kuwa har yau masu ƙaunarta suna nan, amma kasuwa ba ta taɓa amsa kiran da mujallar ta yi ba. A dare ɗaya, a zaure ɗaya, marubutan nan sun ci caca sun kuma faɗi, kuma wadda suka ci ɗin ba ita suka fi zuba wa kuɗi ba.

Haka abin ya yi ta maimaituwa. Franz Ferdinand suka share fage a 2004, kafin shekarar ta ƙare sun lashe kyautar Mercury. Kaiser Chiefs, waɗanda suka aro sunansu daga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta Kudu, su ne a ƙasan jeri a 2005, ƙarƙashin The Killers da The Futureheads da Bloc Party, kuma a 2006 suka kwashe kyaututtukan Brit guda uku, wato na bikin da aka kafa Brat don a yi masa dariya. Florence and the Machine ta share fage a 2009, ta rufe dare a Glastonbury a 2015.

Idan aka tsaya nan sai a ce mutanen nan duba suke yi. Ba haka ba ne, kuma masu ba da tarihin sukan tsallake ɗaya ɓangaren. Wa ke tuna Llama Farmers ko Campag Velocet ko Mumm-Ra a yau? Duk sun hau motar. Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne labarin Joe Lean and the Jing Jang Jong, da ke cikin rangadin 2008. Sun gama kundinsu, an raba wa 'yan jarida, NME ta yi sharhi ta yaba, sai aka janye shi gab da fitowa. Ba a jima ba ƙungiyar ta watse. Yabo ya riga aikin isa kasuwa, aikin kuma bai iso ba a lokacin da ake jiran sa. Duk wanda aka taɓa yi wa shelar littafi kafin ya gama babin ƙarshe ya san nauyin da ke cikin wannan.

Akwai kuma wata matsala da ba za mu rufe ido a kanta ba. Mujallar ita ce mai sharhi, ita ce mai zaɓe, kuma sunanta ne a jikin tikiti. Wanda ya sa ka a bango a watan Janairu, yana so zaure ya cika a Fabrairu, da wane baki zai ce kundinka bai yi ba a watan Maris? Ga kuma masu ɗaukar nauyi: an yi shekarun da sunan giyar Carling ke manne da rangadin, daga baya Shockwaves, masu man gyaran gashi, suka karɓa. Kiɗan da ya taso da alfaharin cin gashin kai ya wayi gari yana tallar man kai. Masu suka sun daɗe suna zargin NME da ɗaga mutum sama don ta samu abin kayarwa baɗi, kuma a ganinmu zargin bai rasa tushe ba. Duk da haka muna ba su abu ɗaya: sun riƙa faɗin suna ƙarara, a rubuce, da kwanan wata, yadda kowa zai iya dawowa bayan shekara biyar ya ce kun yi kuskure. Sharhin da ke cewa kowa ya yi ƙoƙari ba ya fuskantar wannan haɗari, shi ya sa ba ya ɗaga kowa.

Shekarar da ta nuna ƙasa ta fara zamewa ita ce 2006. An tsara Maxïmo Park su rufe taro, Arctic Monkeys na Sheffield na biye da su. Amma waɗannan yaran ba su jira mujalla ba. Sun riƙa raba faya-fayan gwaji kyauta a wuraren wasansu, masoya suka ɗora a intanet suna tura wa juna, har waƙarsu ta hau na ɗaya a Oktoban 2005. Kundinsu na farko ya fito ranar 23 ga Janairu 2006, daidai lokacin rangadin, ya sayar da sama da kwafi 360,000 a mako guda, abin da wani kundin farko bai taɓa yi ba a ƙasar kafin nan. Sai ga ƙungiyar da ta fi kowa tashe a Birtaniya tana hawa dandamali kafin wata. NME ta yi ta yabonsu, gaskiya ne, amma a wannan karon jama'a sun riga ta isa.

Daga nan sai gangara. Kamfanoni suka yi ta ɗibar duk wasu samari masu jita da matsattsen wando, kasuwa ta cika da masu kama da juna, har wani ɗan jarida ya raɗa wa abin suna indin bola. Matasa suka koma neman sabon kiɗa a waya. Kwafin mujallar ya faɗo zuwa kusan 15,000 a mako. A Satumban 2015 aka mayar da ita kyauta, ana raba ta a tashoshin jirgin ƙasa da shaguna, a Maris 2018 kuma aka daina buga ta mako-mako bayan shekara 66, ta koma intanet.

Rangadin ya ɗan ja kafin nan, amma jerin sunayen ya fara ba da wani labari. A 2014 Interpol ce ta rufe taro, ita da ta hau motar tun 2003 tana sabuwa. A 2016 aka dawo da Bloc Party, 'yan zagayen 2005, su ja gaba. Motar da aka saya don ɗaukar waɗanda ba a sani ba ta koma neman tsofaffin fasinjojinta don kujeru su cika.