Zungeru: Tsohuwar Hedikwatar Arewa

Zungeru, wanda tsofaffi ke kira Dungurum, gari ne a bakin kogin Kaduna cikin ƙaramar hukumar Wushishi ta jihar Neja. Mai fitowa daga Minna da safe zai iya zagaya kufansa ya koma kafin magariba, amma daga nan aka mulki Arewa baki ɗaya wajen shekara 15.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya karɓi ragamar Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger a Lakwaja, ya fara zama a Jebba. Sarautar tasa a lokacin ta takarda ce, domin Kano da Sakkwato ba su san da zamansa ba. Bayan cin Bida da Kwantagora a 1901 hanya ta buɗe, sai ya matso da hedikwata Zungeru a 1902. Dalilin na yaƙi ne da sufuri: wurin ya fi kusa da masarautun da Lugga yake hanƙoro, kuma jiragen ruwa na iya hawowa kogin Kaduna har Barijuko, inda wani siririn layin dogo ke ɗaukar kaya zuwa gari. Wannan ne layin dogo na farko a Arewa.

Daga nan aka tsara yaƙin da ya ci Kano a watan Fabrairu 1903 da Sakkwato a watan Maris. Nan ma labarin boren Satiru ya iske Lugga a 1906, ya ba da umarnin da ya ƙare da shafe garin Satiru da kashe ɗimbin mutanensa. Bai kamata mai ziyara ya kalli ginshiƙan sakatariya da suka rage a tsaye ya manta da wannan ba.

Aikin gwamnati ya jawo akawuna da masassaƙa da sojoji daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Cikin gidajen irin waɗannan ma'aikata aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, mahaifinsa yana akawu, kuma Hausa ce ya tashi da ita a bakinsa. Chukwuemeka Ojukwu ma a nan aka haife shi, a 1933.

Layin dogo ne ya rage wa garin daraja. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kusanci da tashar jiragen ruwa ya daina zama abin dogaro, ga zafi ga sauro. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka ɗaura niyyar tashi, zuwa 1917 hedikwata ta koma Kaduna. Ma'aikata suka bi gwamnati, ’yan kasuwa suka bi ma'aikata.

Abin da ya rage ba shi da yawa, kuma kulawar da yake samu ta yi kaɗan ƙwarai: harsashin gidan gwamna, ginshiƙan sakatariya, maƙabartar Turawa da ciyawa ke neman rufewa, da tashar jirgin ƙasa. Ƙaramar gadar ƙarfen da aka kafa a 1904 ba ta nan; an kwance ta a 1954 aka kai Kaduna, inda take a lambun Gamji. A yau sunan Zungeru ya fi fitowa a labarai saboda madatsar ruwan lantarki mai ƙarfin megawat 700 da aka gina a kan kogin.