Farfaɗo da Zuciya da Numfashi: Tarihinsa da Matsayinsa a Yammacin Zamfara

Farfaɗo da zuciya da numfashi, abin da ma'aikatan asibiti ke kira CPR, shi ne danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya tare da hura masa iska, don jini ya ci gaba da isa ƙwaƙwalwa kafin a kai ga magani. A bakin ruwa ilimin ya samo asali. A 1767 aka kafa ƙungiyar ceton waɗanda ruwa ya ci a Amsterdam, Landan ta bi sahu a 1774. Cikin dabarunsu har da busa hayaƙin taba ta dubura, abin dariya a yau, amma sun gane cewa wanda aka tsamo ba ya motsi ba lalle ne ya cika ba. A ƙarshen shekarun 1950 Peter Safar da James Elam suka nuna cewa iskar bakin mutum ta isa ta riƙe ran wani, a 1960 kuma Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker na Johns Hopkins a Amurka suka tabbatar da amfanin danna ƙirji. Frank Pantridge ya ɗora na'urar girgiza zuciya da lantarki a motar asibiti a Belfast a 1966, amma birnin Seattle ne ya fi fahimtar lamarin, da ya shiga koya wa mutanen gari aikin tun farkon shekarun 1970. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma motar asibiti ba ta cika riskar wannan lokaci ba.

Najeriya ta makara. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa, sai a 2022 aka ƙaddamar da tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, a Abuja.

A Anka da Bukkuyum da Gummi da ke yammacin Zamfara, abin da ya faru ya nuna inda buƙatar take. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe ɗakunan jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Yaran kan zo suna jijjiga ko a sume, kuma a irin wannan hali numfashi ne ke fara yankewa, zuciya ta biyo baya. Haka yake ga wanda ya nutse, kamar manoman da kwalekwalensu ya kife a Gummi a Satumbar 2024, haka ga jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Don haka mai taimakon gaggawa na farko a nan shi ne ɗan acaɓa da matuƙin kwalekwale da ungozoma da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi. Abin koyon bai da yawa: a kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 ga babba, a hura sau 2, a maimaita.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda manyan asibitoci suna Gusau da Sakkwato, ga nisa, ga 'yan bindiga a hanya. Ga dattijon da ciwon zuciya ya kayar, maganar tana da ƙamshin gaskiya, don ba tare da na'urar lantarki ba da wuya ya tashi. Wanda ruwa ya shaƙe da jaririn da bai numfasa ba kuwa, sau da yawa iska kaɗai ke dawo da su nan take. Masu cewa ajali ne, ai ba mai sanin ajali ya zo sai bayan an yi iya ƙoƙari. Ya kamata hukumomin lafiya na Zamfara su fara kai horon nan mashigai da tashoshin babura da ɗakunan haihuwa, tun kafin a yi zancen sayen na'urori.