Matajin Hasken da Ake Kunnawa a Kashe: Tarihin Haɗin da Ya Ƙi Haɗuwa

Mun daɗe muna kawo tarihin sarakuna da birane da yaƙe-yaƙe. Yau mun ce bari mu gwada hannunmu a kan tarihin wani abu da kaurinsa bai kai silin gashi ba, mu ga ko Hausa za ta ɗauke shi.

Wanda yake da tsohon faifan CD a gida ya ɗauko ya karkata shi a rana. Launukan bakan gizon da ke wasa a bayansa ba fenti ba ne. Layuka ne sirara da aka jera kusa da kusa, sama da 600 a cikin milimita ɗaya, su ke tsefe farin haske su aika kowane launi ta kusurwarsa. Irin wannan jerin layuka shi muka raɗa wa suna matajin haske. Wanda yake da sunan da ya fi wannan zama a baki, muna maraba da shi. Dabarar tsohuwa ce: wajen 1785 David Rittenhouse na Filadelfiya ya jera silin gashi tsakanin kusoshi biyu masu zare ya ga haske ya tsefu, a 1821 kuma Joseph von Fraunhofer na Jamus ya yi nasa da siraran wayoyi ya auna launuka da shi. Aibin duk waɗannan mataja ɗaya ne. In an sassaƙa haƙoran, sun zauna ke nan. To ko za a iya yin matajin da haƙoransa za su ɓace in an danna makunni, su dawo in an saki? Amsar ta ɗauki sama da shekara ɗari, kuma ta biyo ta hanyoyi biyu da ba su san da juna ba.

Hanya ta farko ta taso daga birnin Furag a 1888. Friedrich Reinitzer masanin tsirrai ne, yana nazarin wani sinadari ɗan gidan kolestarol, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Da ya dumama shi zuwa digiri 145.5 sai ya narke, amma ruwan ya fito gurɓatacce kamar tsarin nono. Da ya ƙara wuta zuwa 178.5 sai ya washe tas. Abu ɗaya, narkewa biyu. Ya rubuta wa Otto Lehmann, masanin fiziya a Jamus, wanda ya duba abin a madubin ƙara girma ya ce wannan ruwa ne mai halin kiristal. Ba kowa ya yarda ba. Gustav Tammann, babban masanin sinadarai, ya daɗe yana cewa ba wani sabon abu a nan, gurɓataccen haɗi ne kawai, ɗigon wani ruwa na yawo a cikin wani. Tammann bai yi daidai ba, amma mu riƙe zarginsa, za mu sake haɗuwa da shi.

Gaskiyar abin ita ce ƙwayoyin ruwan kiristal dogaye ne kamar tsinken ashana. Suna gudana, amma duk suna fuskantar gefe guda, kamar garken kifi a rafi. Saboda haka yadda suke lanƙwasa haske ya danganta da ta inda hasken ya bi da su. Vsevolod Frederiks a Leningirad ya nuna tun 1927 cewa ƙarfin maganaɗisu na juya su, daga baya aka tabbatar lantarki ma haka. A 1968 kamfanin RCA ya nuna allon ruwan kiristal da George Heilmeier da abokansa suka haɗa, a 1973 kuma George Gray na Jami'ar Hull a Ingila ya fitar da sinadaran da ke aiki a zafin ɗaki ba tare da sun lalace ba. Allon agogon hannu da na kwakuleta da na wayoyi da yawa duk jikokin wannan hanya ne.

Hanya ta biyu gajera ce a bakinmu. Dennis Gabor, ɗan Hangare mazaunin Ingila, ya ƙirƙiro hologiram a 1947 yana neman gyara madubin ilaktiron, amma ba shi da hasken da ya dace, sai abin ya kwanta. Da leza ta zo a 1960, Emmett Leith da Juris Upatnieks a Mishigan da Yuri Denisyuk a Leningirad suka tashe shi, Gabor ya karɓi kyautar Nobel a 1971. Abin da ya shafe mu a nan shi ne hologiram mafi sauƙi. In ka jefa duwatsu biyu a kududdufi, inda igiyoyin ruwansu suka haɗu wani wuri ya tashi wani ya lafa. Haka bakin leza biyu in suka gitta juna, sukan haifar da layi mai haske, layi mai duhu, a jere daidai wa daida. Ka sa abin da zai riƙe wannan zane, ka sami mataji ba tare da ka sassaƙa komai ba.

A shekarun 1980 ne zargin Tammann ya dawo ta bayan gida. James Fergason ya kaɗa ruwan kiristal a cikin ruwan folima, wato dangin roba, ya bar shi ya bushe da ɗigo-ɗigo a ciki. A 1986 William Doane da abokan aikinsa a Jami'ar Kent da ke jihar Ohayo suka wallafa wata hanya: a narkar da ruwan kiristal cikin ɗanyen folima har su zama ruwa ɗaya, sannan a bar folimar ta daskare. Tana daskarewa sai ta tofar da ruwan kiristal ɗin, ya taru ƙanana-ƙanana, kamar yadda man shanu ke ware kansa in an kaɗa nono. Rabuwar haɗi, wadda a ɗakin gwaji ake ɗauka aiki ya ɓaci, ita ce aka mayar sana'a. Gilashin ofis da ke yin fari fat, in an kunna masa wuta ya koma garau, daga nan ya fito.

Ohayon dai ce ta haɗa hanyoyin biyu. A sansanin sojan sama na Wright-Patterson kusa da Dayton, Richard Sutherland da Lalgudi Natarajan da Vincent Tondiglia da Timothy Bunning suka wallafa aikinsu a 1993, a 1994 kuma suka biyo da wanda ya nuna kunnawa da kashewa da lantarki. Sunan abin a taƙaice H-PDLC. A nan ya kamata mu ɗan zauna, don nan ne daɗin labarin.

Sun haɗa ɗanyen folima da ruwan kiristal da ɗan rini mai jin haske, suka zuba tsakanin gilasai biyu da aka shafa wa wani sinadari garai-garai mai ɗaukar lantarki. Tazarar gilasan ba ta wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba. Sai suka gitta bakin leza biyu a kai. A layukan da ke da haske rinin ya tayar da daskarewa, folima ta fara ƙullewa. Da ɗanyen ya ragu a wurin, sai na layukan duhu ya riƙa kwararowa don cike gurbi, shi kuma ruwan kiristal aka yi ta tura shi zuwa duhu, inda ya taru ya zama ɗigo masu ƙanƙantar da ba ta kai maikiromita ɗaya ba. Ba hannun da ya jera su. Haske ya nuna wuri, kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage shi ne bango na folima, bango na ɗigo, bango na folima, dubbai a jere.

Kashewar fa? Kowane abu mai barin haske ya ratsa shi yana da ma'aunin lanƙwasa haske, shi ya sa sanda ke zama kamar ta karye in an tsoma ta a ruwa. Ma'aunin folimar wajen 1.52 ne. Ruwan kiristal ɗin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira E7, yana da biyu: wajen 1.52 ta wata fuska, wajen 1.74 ta ɗaya. In ba wuta, ɗigon na kallon ko'ina, ma'auninsu ya bambanta da na folima, haske ya ga bangaye ya karkata. In an saka wuta, tsinkayen su miƙe su nuna wa haske fuskarsu ta 1.52, sai bangon ɗigo da na folima su zama ɗaya a idonsa, ya wuce abinsa kamar ba komai. Haƙoran suna nan, haske ne ya daina ganinsu. Kuma saboda ƙanƙantar ɗigon, juyawar kan faru a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ta fi ta allon waya sauri nesa ba kusa ba.

In muka zo rubuta irin wannan tarihi, alƙalami kan so ya ce wane ne ya ƙirƙiro. Mu dai ba za mu iya faɗin haka a nan ba. David Margerum da Anna Lackner na kamfanin Hughes sun riga sun yi aiki kan jera ɗigon da hasken da aka tsara. A Japan masu binciken kamfanin NTT sun fitar da nasu a 1994, da burin allo mai launi da zai yi aiki da hasken rana ba tare da fitilar baya ba. Mutanen Dayton sun yi fice ne domin sun samo haɗin da ke aiki da kyau, suka kuma bayyana dalilinsa dalla-dalla.

Shi kuwa allon mai launi, har yau ba mu gan shi a hannun kowa ba. Ƙanƙantar ɗigon da ta ba shi sauri ita ce ta sa shi taurin kai: ƙaramin ɗigo na riƙe da tsinkayensa ƙam, sai an ba shi bolt 10 zuwa 20 a kan kowace maikiromita kafin ya juya. A kaurin maikiromita 10, ana maganar bolt 100 ko fiye, alhali batirin waya bai kai 5 ba. Ga hazo, don ɗigon na watsa wani kaso na hasken. Ga folima da ke tsukewa in ta daskare, ta canja tazarar layukan, launin da aka nufa ya goce. An yi fatan amfani da shi wajen karkata haske a wayoyin sadarwa na gilashi, sai kasuwar ta faɗi wajen 2001. Inda ya sami wurin zama shi ne tabarau da gilasan da ke nuna rubutu a gaban idon mai su, fagen da kamfanin DigiLens na Kalifoniya ya daɗe yana nomawa.

A 2004 wasu masu bincike a Jami'ar Kalabriya ta Italiya, ciki har da Roberto Caputo da Cesare Umeton, suka ce tunda ɗigo ne ke kawo hazo, a yi babu su. Dabararsu ita ce a dumama haɗin kafin a haska masa leza, a bar shi da zafi har folimar ta gama ƙullewa. Da ya huce sai aka sami bangayen folima sumul, tsakaninsu zallan ruwan kiristal a jere, ba ɗigo ko ɗaya. Suka kira shi POLICRYPS. Zafin da suke kai shi kuwa shi ne wanda ruwan kiristal ke daina gurɓata ya washe. Ga E7 wajen digiri 60 ne. Ga sinadarin da Reinitzer ya ɗora a wuta a Furag, shi ne 178.5 ɗin nan.