2.3 Tarihin Amanar Majinyaci Kafin Zuwan Na'ura

Idan aka waiwayi tarihi, za a ga cewa matsalar amanar majinyaci ta girmi mutum-mutumin asibiti da na'ura mai ƙwaƙwalwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, iyaye kuwa suka ce ba a nemi yardarsu ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana fallasa sirrin majinyaci, sannan a 2023 aka kafa dokar kare bayanai. Nijar ta kafa tata tun 2017. Sai dai majinyacin Garu, ko wanda ya ƙetaro Illela daga Birnin Ƙonni, da wuya a fassara masa ko ɗaya da Hausa kafin a shigar da bayaninsa cikin kwamfuta.