Bambarakwai mai daɗin ji: tarihin kiɗan na'ura na ƙasar Ingila

A cikin shekara ta 1982, reshen tsakiyar birnin Landan na ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Biritaniya ya amince da wata shawara mai neman a hana aiki da na'urorin kiɗa na lantarki. Hujjarsu ita ce akwati guda zai iya hana makaɗa goma cin abinci. Shawarar ba ta zama doka ba, domin bakin alƙalami ya riga ya bushe: a ƙarshen shekara ta 1981, waƙar da ta fi kowace kasuwa a ƙasar, watau « Don't You Want Me » ta ƙungiyar Human League, na'ura ce ta buga gangarta. Tsoron makaɗan yana da tushe. Abin da ba su hango ba shi ne na'urar za ta buɗe ƙofar kiɗa ga mutanen da a da ba su da hanyar shiga, kuma daga hannun waɗannan ne wani salo mai ban mamaki ya fito.

Na'urar da ake magana a kanta ita ce sintetiza, akwati mai maɓallai irin na fiyano wanda ke ƙirƙiro sauti daga wutar lantarki, ba tare da tsirkiya ko fata ba. Kunnen Ingilishi ya saba da irin wannan amo tun da wuri. A 1958 gidan radiyon BBC ya buɗe wani ɗakin gwajin sauti, inda a 1963 Delia Derbyshire, wadda ta karanci lissafi da kiɗa a Kambirij, ta harhaɗa taken shirin talabijin na « Doctor Who » ta hanyar yanka zaren ɗaukar magana tana liƙawa. Yaran da suka tashi da wannan take su ne suka ga ƙungiyar Kraftwerk ta ƙasar Jamus a talabijin a 1975, mutum huɗu sanye da kwat kamar ma'aikatan banki, suna kiɗa da na'urori zalla. A daidai lokacin ne kuma kamfanonin Japan, Korg da Roland, suka fara fitar da ƙananan sintetiza waɗanda ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya saya.

Sai guguwar kiɗan fank na ƴan tawaye ta taso a 1976, ta koya wa matasa cewa rashin ƙwarewa ba ya hana mutum hawa dandali. A 1978 Daniel Miller ya ɗauki faifansa a cikin ɗakinsa da wata ƴar Korg, ya kafa kamfanin Mute don ya sayar da shi. Wannan kamfani ne daga baya ya fito da ƙungiyar Depeche Mode. A 1979 Gary Numan ya hau matsayi na ɗaya da « Are 'Friends' Electric? », waƙa mai fiye da minti biyar, marar amshi, mai zancen mutum-mutumin da ke ɗebe wa mai kaɗaici kewa.

Labarin Human League ya fi kowane nuna asalin wannan zuri'a. A Shefil aka kafa ta, birnin maƙeran ƙarfe wanda masana'antunsa ke mutuwa. Mutum biyun da suka fara ta masu aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa ne, mawaƙinsu Philip Oakey kuwa mai tura marasa lafiya ne a asibiti. Da ƙungiyar ta rabu a 1980, Oakey ya ga wasu ƴan mata biyu ƴan makaranta suna rawa a wani gidan rawa na garin, ya ɗauke su ba tare da sun taɓa waƙa a bainar jama'a ba. Shekara guda bayan haka suka yi zarra a Biritaniya, a 1982 kuma a Amurka. A watan Janairu na wannan shekara marasa aikin yi a Biritaniya suka haura miliyon 3. Cikin wannan hali ne aka yi ta rawa da waɗannan waƙoƙi.

To, mene ne ke jan hankalin mai saurare? Abu na farko shi ne haɗuwar na'urar da ba ta kuskure da muryar da ba ta samu horo ba. Bugun ba ya gaba, ba ya baya, amma mai waƙar yana rerawa da karin harshen unguwarsu, da rauninsa a fili, har mai ji ya ce shi ma zai iya. Na biyu, baƙin ciki ne ake ɗorawa a kan kiɗan rawa. Ƙungiyar New Order ta Manchesta ta tashi ne bayan mutuwar mawaƙinsu Ian Curtis a watan Mayu na 1980, kuma « Blue Monday » da ta fitar a 1983, mai minti bakwai da rabi, murya a sanyaye ƙafa na motsi, ta zama babban faifan waƙa guda da aka fi saye a tarihin ƙasar.

Na uku shi ne raha irin ta Ingilishi, wadda ake yi fuska a murtuke. Neil Tennant ya gamu da Chris Lowe a wani kantin kayan lantarki na Landan a 1981. Pet Shop Boys da suka kafa ta kai matsayi na ɗaya da « West End Girls » a 1986. Tennant yana waƙa kamar mai karanta labarai, Lowe yana tsaye ƙiƙam bayan na'urarsa, ko murmushi ba ya yi. Bill Drummond da Jimmy Cauty, waɗanda aka fi sani da KLF, sun kai abin maƙura: a 1988 suka yi zarra da waƙar da suka gina a kan taken « Doctor Who », suka wallafa littafi mai koyar da yadda kowa zai yi haka, sannan a 1994 suka ƙone fam miliyon guda a tsibirin Jura na Sikotland.

Adalci ne a ambaci bashin da ke kan wannan kiɗa. « Tainted Love », wadda Soft Cell ta yi suna da ita a 1981, asalinta waƙar Gloria Jones ce, baƙar fatar Amurka, ta shekara ta 1964. Matasa baƙaƙe na Ditiroyit da Shikago su ma sun saurari faifan Turai, suka ƙirƙiro kiɗan tekno da na haus, waɗanda suka mamaye Ingila a 1988. Tarukan rawa na dare suka yawaita a filaye da tsofaffin ɗakunan ajiya, har a 1994 majalisa ta yi dokar da ta bai wa ƴan sanda ikon watse su, inda ta siffanta kiɗan da cewa mai bugu ne da ke ta maimaituwa.

Salon bai mutu ba. Ƙungiyar Hot Chip, wadda abokai biyu tun daga makaranta, Alexis Taylor da Joe Goddard, suka kafa a Landan a 2000, ta gaji duka siffofin nan uku: murya siririya, kalmomin kewa, da kamanni na malaman makaranta. Faifansu « The Warning » na 2006 ya shiga takarar lambar Mercury, kuma a 2022 su ne suka tsara faifan Ibibio Sound Machine, wadda Eno Williams ke yi wa waƙa cikin harshen Ibibiyo na kudancin Najeriya.

Gardamar 1982 ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Hausa, inda fiyano ya shiga wuraren da kalangu da gurmi ke riƙe da su. Tarihin Ingila ya nuna cewa na'ura tana rage wa wasu makaɗa aiki, tana kuma ba wa wasu baki. Kamfani ɗaya ne ya ƙera ta ga kowa, amonta ɗaya ne ko'ina. Waƙoƙin da suka rayu shekara arba'in su ne waɗanda masu su suka zuba wa karin harshen garinsu, da damuwar zamaninsu, da irin dariyarsu. Wannan ma'auni ne da malamai da ƙungiyoyin al'adu za su iya auna kowane sabon kiɗa da shi.