Tafiyar Falsafar Girka Zuwa Zaurukan Ƙasar Hausa

Da yawa suna ɗauka falsafar Turai tare da boko ta shigo mana. Tarihi kuwa ya nuna shigowa biyu ta yi. Ta farkon ta riga Turawan mulki da ƙarni huɗu, kuma a cikin gafakar malamai ta iso, da rubutun Larabci. Jahun, wadda take cikin ƙasar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta gaji karatun nan kamar sauran garuruwan masarautar.

Tushen abin yana Atina ta ƙasar Girka. Sukrat, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya shahara da tsare mutane da tambaya: mene ne adalci, mece ce jarumta? Almajirinsa Aflatun ya ce abin da ido ke gani mai gushewa ne, haƙiƙa tana ga siffofin da hankali kaɗai ke riska. Shi kuma almajirin Aflatun, Aristotal, wanda ya rasu a 322, ya dawo da bincike kan abin da ake gani ake taɓawa. A wurinsa kowane abu yana da sabubba huɗu. Ɗauki tukunya: akwai yumɓun da aka yi ta da shi, da siffar da ta mai da ta tukunya, da maginiyar da ta gina ta, da girkin da aka gina ta dominsa. Shi ne kuma ya tsara manɗiƙi, wato ƙa'idojin fitar da sakamako daga magana biyu da aka sallama. In an yarda duk hatsi abinci ne, aka kuma yarda gero hatsi ne, to ba makawa gero abinci ne.

Wajen shekara ta 270 bayan haihuwar Annabi Isa, wani masani mai suna Farfuriyus ya rubuta gajeriyar gabatarwa ga manɗiƙin Aristotal, wadda Larabawa suka sani da Isaguji. A ciki ya jera abubuwa biyar da ake siffanta komai da su: jinsi, nau'i, fasalin da ke raba nau'i da 'yan'uwansa, siffar da ta keɓanta da shi, da siffar da ke zuwa ta tafi. A Bagadaza, tun zamanin Halifa Ma'amun da ya yi mulki daga 813 zuwa 833, aka duƙufa wajen juya littattafan Girka zuwa Larabci, Hunainu ɗan Ishaƙu da ɗansa suna cikin manyan masu aikin. Daga nan Farabi da Ibn Sina suka gina a kai.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ya shata iyakar da malamanmu suka bi daga baya. Ya kafirta masu falsafa a kan mas'aloli uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikuna ranar ƙiyama. Amma manɗiƙi ya riƙe shi, ya mai da shi ma'aunin hujja, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhu da shi. Ibn Rushdi na Andalus ya mai da masa martani, kuma sharhohinsa ne, da aka juya su zuwa Latin, suka taimaka wa Turai ta sake fahimtar Aristotal. Nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi jami'o'in Faransa da Ingila, ɗaya ta keto Sahara.

Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. An fi tuna shi da nasihohin mulki da ya rubuta wa sarkin, amma shi gwanin manɗiƙi ne, yana da waƙa a fannin wadda aka riƙa karantarwa har a Tumbuktu. Imam Suyuɗi na Masar kuwa haramta fannin ya yi. Suka yi musayar baitoci. Hujjar Magili ita ce gaskiya ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba, abin dubawa shi ne ingancin maganar. A zaurukan karatu na Yammacin Afirka ra'ayinsa ne ya yi rinjaye.

Littattafai biyu suka kafa abin. Ummul Barahin, littafin tauhidi na Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490, da Sullam ta Ahdari, waƙar manɗiƙi da ya tsara wajen 1534 yana ɗan shekara 21. Wanda ya taɓa zama a zauren ilimi a Jahun ko Dutse ko Ringim ya san yadda darasin tauhidi ke farawa. Almajiri ya buɗe littafi a gaban malam, ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa, sauran suna sauraro suna jiran layinsu. Kafin a taɓa siffofin Ubangiji sai an raba hukuncin hankali uku: wajibi, wanda hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, wanda ba ya ɗaukar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Wannan rabo ya biyo ta hannun Ibn Sina, saiwarsa kuma tana ga Aristotal.

Malaman ƙasar nan ba su tsaya ga haddar na wasu ba. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi waƙar manɗiƙi bisa Muhtasar ɗin Sanusi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, an haife shi a 1804, ya zauna a Salame, ya rasu a 1864. Bayan tarihin da ya rubuta a Raudatul Afkar, ya yi waƙa a kan jiki da rai da ruhi, asalinsu da makomarsu, har ya tattauna hayula, wato ainihin abin da siffa ke hawa a kansa, wanda tun Aristotal ake muhawara a kai.

Shigowa ta biyu ta biyo bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, ta makarantun boko da jami'o'i, kuma da sababbin sunaye ta zo. Dekart na Faransa, a 1637, ya sa shakka a kan komai har ya tarar mai shakkar kansa ba ya shakkuwa. Hiyum, wanda ya rasu a 1776, ya ce ba mu taɓa ganin sababi da ido ba, abin da muke gani kawai wannan yana bin wancan, sabo ne ya ɗaure su. Kant ya ba shi amsa a 1781 da cewa hankali ne da kansa ke tsara abin da gaɓɓai suka kawo masa. Yau ɗaliban kwalejojin ilimi, irin ta Gumel, suna haɗuwa da Aflatun a darasin falsafar ilimi.

Maganar Hiyum ba baƙuwa ba ce ga almajirin Sanusi. Shi ma an koya masa cewa ƙunar wuta hukuncin al'ada ne, ba na hankali ba, kuma Gazali ya yi wannan bayani da wuta da auduga fiye da shekara 600 kafin Hiyum. Bambancin yana ga inda kowa ya dosa: Hiyum ya ƙare da taƙaita abin da ɗan Adam zai iya sani, su kuwa suka ƙare da cewa Allah ne mai aikatawa. Saboda haka ɗalibin da ya karanta ɓangare ɗaya kaɗai, ko na zaure ko na aji, rabin muhawarar ya ji.