Daga Misira muka zo? Mu tambayi ƙasa

Duk ɗan Madawa ya taɓa jin wannan magana a bakin tsofaffi: mu Gobirawa daga Gabas muke, jinin Misira ne. Ba jiya aka fara faɗinta ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo cewa asalin Gobirawa Kibɗawan Misira ne. To amma ƴan'uwa, Bello ya yi rubutunsa a farkon ƙarni na 19, ɗaruruwan shekaru bayan tafiyar da ake magana a kai. Ya rubuta abin da ya ji ne.

Mi muke da shi a hannu? Labarin baka ya ce Gobirawa sun zauna Azbin kafin su gangaro kudu zuwa Birnin Lalle. Nan kam akwai abin kamawa. Al-Yaƙubi, a ƙarni na 9, ya ambaci wani gari Maranda, kuma a kufan Marandet, kudu da Agadas, masu tonon ƙasa sun tarar da dubban ƴan tukwanen narka tagulla. A 1353 Ibn Batuta ya sauka Takadda, ya ce ana kai tagullarta ƙasar Kubar, wadda masana da yawa ke ɗauka Gobir ce. Sawun ya kai mu Azbin. Daga nan zuwa Misira, ba kufai, ba rubutu na zamanin.

Kar kuma a ɗauka masu ilmin kufai ba su kuskure. Suna auna shekaru da gawayi ko ƙashi, domin wani sinadari, karbon 14, rabinsa na ƙarewa duk shekara 5,730 bayan mutuwar abu mai rai. Da wannan awo Bafaranshe Danilo Grébénart ya ce an narka tagulla a yankin Agadas tun wajen shekara 2000 kafin Annabi Isa. A 1988 David Killick da abokansa, har da shi Grébénart, suka sake dubawa, suka ga wasu daga cikin "murahun" kututturan itace ne da suka ƙone. Kuma a hamada busasshen icce na iya yin ƙarnuka bai ruɓe ba. In maƙeri ya hura wuta da shi, awo zai ba ka shekarun iccen, ba na maƙerin ba.

Akwai kuma abin lura. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan Ife, ya ce aikin ɓatacciyar daular Atlantis ne. Ganuwar Zimbabuwe ma an ce baƙi suka gina, sai da tono ya nuna aikin ƴan ƙasa ne. Su Turawan nan sun ƙi yarda baƙar fata zai iya. Mu kuma in muka dage sai mun fito Misira kafin mu zama mutane, ba waƙarsu muke amsawa ba?

Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar a 1975, da bin garuruwa da tambayar tsofaffi da gwada maganganunsu. Wannan aiki na jiranmu a Buza da Keita. In ka ga kufai ko kashin maƙera a gona, kar ka tona, kar ka sayar, domin abin da aka cire daga mazauninsa ya rasa shaidarsa. Ka rubuta sunan wurin, ka tambayi kaka wa ya zauna nan, kuma wa ya gaya mata.